Tafiya Cikin Zamani a Ma'aunin Addini da Ɗa'a

1. Gabatarwa

A shekarar 1895 wani marubucin Ingila, H. G. Wells, ya wallafa ƙagaggen labari mai suna The Time Machine, inda wani masani ya ƙera na'ura ya hau, ta kai shi shekara ta 802,701, sa'an nan ta komo da shi gida. Tun daga lokacin maganar tafiya cikin zamani ta zama ruwan dare a littattafai da majigin Turawa, har takan iso aji, ɗalibi ya tambayi malaminsa ko abin zai yiwu, in kuwa zai yiwu, ko addini ya yarda da shi. Akan sallami mai tambaya da cewa tatsuniya ce, ko kuwa a ce masa shisshigi ne cikin ikon Allah. Duka amsoshin biyu sun gaza, domin abin da ake kira tafiya cikin zamani ba iri ɗaya ba ne.

Akwai tsallakawa zuwa gaba, watau mutum ya ga kwana kaɗan ya yi alhali duniya ta yi shekaru. Akwai naɗe lokaci, watau a taƙaita wa mutum tafiya mai tsawo, ko a nuna masa abin da ba na zamaninsa ba. Akwai kuma komawa baya domin a sake abin da ya riga ya auku. Abin da wannan takarda za ta bayyana shi ne, Musulunci da Kiristanci da Yahudanci ba su ƙi na farko da na biyu ba, na ukun ne suka rufe wa ƙofa, kuma dalilin rufewar ya shafi haƙƙi da hisabi fiye da yadda ya shafi ƙira da na'ura.

2. Yadda Hausa take fasalta lokaci

Ya kamata a fara da harshe, domin shi ne ya sa tunanin ya zo wa mutum da sauƙi. Kalmomin lokaci da zamani da sa'a duk aro ne daga Larabci, amma ma'aunin da Bahaushe yake auna su da shi nasa ne, kuma daga jikin mutum ya ɗauko shi. Yakan ce nan gaba ga abin da bai zo ba, ya ce shekarun baya ga abin da ya shuɗe. A nan mai magana matafiyi ne, ya fuskanci gobe da jibi da gata, ya ba jiya da shekaranjiya baya. Harafin za na lokaci mai zuwa ma ɗan'uwan za na tafiya ne, kamar a za ni kasuwa.

Amma akwai wani fasali na biyu da yake tafiya tare da wannan. Kakanni su ne magabata, jikokin da ba a haifa ba su ne 'yan baya. A nan an ɗauki al'umma kamar ayari: wanda ya riga tashi yana gaba, wanda ya biyo yana baya. Saboda haka kalmar baya tana iya nufin abin da ya wuce, tana kuma iya nufin abin da ke tafe, gwargwadon inda mai magana ya tsaya. Harshen da ya mai da lokaci hanya ba zai rasa mai tambaya ko ana iya juyawa a kanta ba.

Masana nahawu sun daɗe da lura cewa abin da ake kira shuɗaɗɗen lokaci a Hausa kammaluwar aiki yake nunawa, ba lalle sai aikin ya faru jiya ba, shi ya sa ake cewa gobe war haka mun isa Kano. Ga abin da bai auku ba kuwa, amma ana ƙiyasta aukuwarsa, Hausa ta ware gini na musamman, watau da … da, mai dogon wasali da karin sauti ƙasa: da ya tashi da wuri, da ya sami mota. Wannan gini shi ne gidan nadama a nahawu. Harshe ya yarda a faɗi abin da ba a yi ba, amma ya sa masa alama don kada a ruɗa shi da labari. Karin magana ya ƙarasa hukuncin: da-na-sani ƙeya ce, magana kuwa zarar bunu ce.

3. Tsallakawa zuwa gaba

Wannan iri sananne ne a littattafan addini tun kafin a yi mafarkin na'ura. Suratul Kahfi ta ba da labarin samarin da suka fake a kogo don tsare imaninsu, suka zauna shekara 300 da ƙarin tara, da suka farka suka zaci yini ɗaya suka yi ko sashen yini, sa'an nan suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Kiristocin Gabas suna da labarin masu barci bakwai na birnin Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yau, waɗanda suka gudu a zamanin Sarki Dakiyanus, wanda ya yi mulki daga 249 zuwa 251, suka farka a zamanin Tiyodosiyus na Biyu. Yaƙubu na Saruj, wanda ya rasu a 521, ya tsara labarin da harshen Suriyanci. A Suratul Baƙara, aya ta 259, akwai mutumin da ya wuce ta wata alƙarya rusasshiya, Allah ya matar da shi shekara 100 ya tashe shi, ya tarar abincinsa bai sake ba alhali jakinsa ya zama ƙasusuwa. Masu tafsiri da yawa sun ce Uzairu ne. A nan lokaci bai bi da abubuwa biyu da ke wuri guda daidai ba.

Talmud na Yahudawa, a babin Ta'anit, ya kawo labarin wani malami mai suna Honi, wanda ya ga mutum yana dasa wata itaciya mai kama da ɗorawa wadda ba ta 'ya'ya sai bayan shekara 70. Barci ya kwashe shi shekara 70, ya farka ya tarar da jikan mai dashen yana tsinkar 'ya'yanta. Ya je makaranta ya ce shi ne Honi, ba wanda ya gaskata shi, baƙin ciki ya sa ya roƙi mutuwa. Labarin Kahfi hujja ce ta tashin ƙiyama; na Honi kuwa gargaɗi ne cewa wanda ya rabu da tsararsa ya rabu da mutuncinsa.

Ilmin zamani ya tabbatar da wannan iri, ko da yake a kan ɗan ƙanƙanin ma'auni. Albert Einstein ya nuna a 1905 cewa agogon da ke gudu yana jinkiri bisa ga wanda ke zaune, a 1915 kuma ya nuna cewa ƙarfin jan ƙasa ma yana jinkirta shi. A watan Oktoba 1971 wasu masana biyu na Amurka, Hafele da Keating, suka ɗauki agogunan atom a jiragen fasinja suka kewaya duniya. A tafiyar gabas agogunan sun yi jinkirin kimanin kashi 59 cikin biliyan na sakan ɗaya, a ta yamma sun yi gaba da kimanin kashi 273. Bisa ga wannan lissafi, wanda ya yi tafiya da kashi 99.5 cikin ɗari na saurin haske, shekara 7 a wurinsa shekara 70 ce a gida. Babu jirgin da ya ko kusanci wannan gudu, amma ƙa'idar ta tabbata.

4. Hukuncin wanda ya tsallaka

Tun da abin yana yiwuwa a hankalce, tambayar addini ta koma kan ibada da haƙƙoƙi, kuma fiƙihu bai rasa madogara ba. Game da salla, akwai hadisin da Muslim ya ruwaito kan kwanaki 40 na Dujal, inda rana ɗaya za ta yi tsawon shekara. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini guda za ta wadatar a ranar, Annabi (S.A.W.) ya umurce su da su ƙaddara lokutan. Da wannan malamai suka yi ƙiyasi ga ƙasashen da rana ba ta faɗuwa watanni. A 2007, sa'ad da wani likitan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar sararin samaniya, wadda take kewaya duniya kusan sau 16 a kwana guda, hukumar addinin ƙasarsa ta tsara masa ya yi salla biyar cikin awa 24 bisa lokacin wurin da aka harba jirginsa. Ke nan ibada takan bi lissafin da ɗan Adam zai iya ɗauka.

Haƙƙin mutane ya fi wuya. Mutumin da ya ɓace wa iyalinsa shekara 70 ya yi kama da wanda fiƙihu ke kira mafƙudi, watau ɓatacce. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ce akan yanka wa matarsa shekara huɗu bayan ta kai ƙara an neme shi an rasa, sa'an nan ta yi takaba ta yi aure in ta so. A mashahurin zance na mazhabar Maliku, in miji na biyu ya riga ya tare da ita, ta kuɓuce wa na farko ko da ya komo. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai shekarun da irinsa ba ya wucewa sun cika. Muhtasar na Halilu ya ambaci 70, da 75, da 80.

Abin lura a nan shi ne, shari'a agogon waɗanda aka bari take bi wajen haƙƙinsu. Matafiyi yana iya komowa da ƙuruciyarsa, amma bashin da ke kansa, da ciyar da iyali, da hidimar iyaye tsofaffi, duk da kwanakin gida aka lissafa su. Samarin kogo tsananin zalunci ne ya fitar da su, kuma barcin ba su suka zaɓa ba. Wanda ya zaɓi tsallakawa da gangan don ya ga baɗi, sai ya fara amsa tambayar wa ya bar wa kayansa.

5. Naɗe lokaci

Iri na biyu ba ya bukatar dogon bayani. Isra'i, watau tafiyar dare ɗaya daga Makka zuwa Baitul Muƙaddas, da Mi'iraji inda aka sadu da annabawan da suka gabata, da kawo gadon sarauniyar Saba'i ga Annabi Sulaimanu kafin ƙiftawar ido, duk malaman tauhidi sun sa su cikin keta al'ada. Littattafan karamomin waliyyai ma cike suke da labarin naɗe ƙasa. A cikinsu duka babu inda aka warware wani abu da ya auku. An taƙaita nisa, an yaye labule, amma tarihi yana nan yadda yake.

6. Komawa baya

A nan ne gardama take. A 1949 masanin lissafi Kurt Gödel ya nuna cewa ƙa'idojin Einstein ba su hana a ƙiyasta wata duniya mai juyawa ba, wadda a cikinta hanya za ta iya zagayowa ta komo jiya. Ba a sami shaidar cewa duniyar nan haka take ba, kuma a 1992 Stephen Hawking ya kawo zaton cewa dokokin halitta da kansu suna toshe irin wannan hanya. Matsalar da aka fi sani ita ce ta kaka: in mutum ya koma ya kashe kakansa tun yana yaro, to, ba za a haifi uban matafiyin ba, balle shi, wa ya yi kisan ke nan? David Lewis ya amsa a 1976 cewa ko matafiyi ya koma ba zai yi nasara ba, domin abin da ya auku sau ɗaya ya auku. Duk abin da zai yi a can ya riga ya shiga cikin tarihin da ya haife shi.

Malaman addini sun riga sun iso wannan mashigi ta wata hanya, domin tambayarsu ta fi girma: shin Allah da kansa yana mai da abin da ya auku ya zama bai auku ba? A shekarun 1060 wani malamin Kirista na Italiya, Bitrus Damiyan, ya rubuta wasiƙa kan ikon Allah, ya ɗauki misalin kafa birnin Rum, ya ƙi yarda a gindaya wa ikon Allah iyaka da ƙa'idojin manɗiƙi. Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ce zancen yana karo da kansa, abin da ke karo da kansa kuwa ba abu ba ne balle a ce iko ya gaza masa. A Mishna ta Yahudawa, babin Berakot, an kira addu'a kan abin da ya riga ya wuce addu'ar banza, aka ba da misalin wanda ya doso gari ya ji kururuwa, ya roƙi kada ta zama daga gidansa.

A Musulunci ma'aunin yana cikin Ummul Barahin ta Shaihu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, littafin da almajiran tauhidi na Afirka ta Yamma suka sani ƙwarai. Ya kasa hukuncin hankali uku: wajibi, da mustahili, watau korarre, da ja'izi. Ƙudura da irada suna rataya ne ga abin da ke ja'izi. Barcin shekara 309 ja'izi ne a hankali, al'ada kawai ya saɓa wa. Amma a ce abu ya auku kuma bai auku ba, wannan tara kishiyoyi ne, yana cikin korarru. Allah yana shafe alamar abu, yana mantar da shi, yana yafe shi, yana tayar da matacce. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke nufin abin bai taɓa kasancewa ba.

Alƙur'ani ya ambaci roƙon komawa a wurare da dama, kuma ko'ina an ƙi shi. A Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, mai gargarar mutuwa ya nemi a mai da shi don ya gyara aikinsa, aka ce magana ce kawai yake faɗa. A Suratul An'am, aya ta 27 da ta 28, an ƙara da cewa ko an mai da su, za su koma ga abin da aka hana su. Watau illar tana cikin hali, sake ranar ba zai magance ta ba. Muslim ya ruwaito hadisin da ya hana mutum ya riƙa cewa da ya yi kaza da kaza ta faru, domin wannan kalma tana buɗe wa Shaiɗan aiki. Duk da haka Buhari ya ware babi kan inda faɗinta ya halatta, domin Annabi (S.A.W.) da kansa ya yi amfani da ita a Hajjin Bankwana. Malamai suka daidaita su da cewa abin ƙi shi ne da ta jayayya da ƙaddara, ban da ta koyarwa ko ta begen alheri.

7. Tambayoyin ɗa'a

A ƙaddara an sami hanyar komawa. Tambayar da Turawa suka fi jefawa ita ce ko ya dace a kashe Hitler yana jariri. Da mujallar jaridar New York Times ta tambayi masu karatunta a 2015, kashi 42 cikin ɗari suka ce za su yi. Suratul Kahfi ta riga ta kawo irin wannan shari'a a labarin Annabi Musa da Halliru, wanda ya kashe yaro saboda sanin da aka ba shi na abin da yaron zai zama. Annabi Musa, mai riƙe da shari'a, ya yi inkari nan take, Halliru kuwa ya bayyana cewa ba da ra'ayinsa ya aikata ba. A cikin Sahihu Muslim, da aka rubuto wa Ibn Abbas tambaya kan kashe yara, ya amsa cewa ba a yi, sai fa in mutum ya san abin da Halliru ya sani. Ma'anarsa ƙofa a rufe take, domin hukunci yana biyo bayan laifi ne.

Matafiyi zai ce ai shi ya sani, tun da ya karanta tarihi. Amma saninsa na tarihin da bai taɓa ba ne. Da zarar ya sa hannu, ya shiga duhu kamar kowa. Masu tafsiri sun ce Fir'auna ya yi ta yanka jariran Bani Isra'ila don tsoron wanda aka yi masa bushara da shi, ƙarshe a gidansa aka reni Musa.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda aka haifa bayan abin da ake so a gyara. Derek Parfit ya nuna a 1984 cewa ɗan canji a al'amuran duniya yana canja wa zai auri wa, da ranar da za a ɗauki ciki, saboda haka yana canja mutanen da za a haifa. Wanda ya kawar da wani yaƙi ko wata yunwa daga tarihi ya kawar da dukan waɗanda hijira da haɗuwa suka zama sanadin haihuwarsu, ba kuwa wanda ya shawarce su. In kuma aka bi ra'ayin masu cewa matafiyi wani reshen duniya dabam yake faɗawa, to, waɗanda aka zalunta a duniyarsa ta asali suna nan da zaluncinsu, shi ne kawai ya yi ƙaura.

Mafi nauyi duka shi ne hisabi. Shaida a gaban alƙali, da alkawari, da lada, da zunubi, duk sun dogara ga tabbatar abin da ya wuce. In ana iya goge jiya, mai ƙarfi ne zai riƙe magogi, wanda aka cuta kuwa ya rasa ko da hujjar cewa an cuce shi.

8. Kammalawa

Addini bai bar mai nadama hannu rabbana ba, ya ba shi tuba. Sharuɗɗanta su ne barin laifi, da nadama, da ƙudurin ƙin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi in laifin ya shafi mutum. Suratul Furƙan, aya ta 70, ta yi alkawarin musanya munanan ayyukan mai tuba da kyawawa. Akwai kuma ramuwa ga sallar da ta kuɓuce da azumin da aka sha, da kaffara, da diyya. Dukansu aiki ne da ake yi yau saboda jiya: aukuwar abin tana nan, amma nauyinsa da sakamakonsa suna iya sakewa.

Saboda haka malamin da ɗalibi ya yi wa wannan tambaya zai kyauta in ya fara da rarrabe masa irin tafiyar da yake nufi. Ta gaba mai yiwuwa ce, kuma tana da hukunce-hukuncen da za a yi mata ƙiyasi da su. Ta naɗewa tana cikin babin mu'ujiza da karama. Ta sake abin da ya wuce kuwa, manɗiƙi da tauhidi sun haɗu a kan korewarta, ɗa'a kuma ta nuna cewa ko da ta yiwu, waɗanda ba su ji ba su gani ba ne za su biya kuɗinta.